Yadda aka koyi bambance hankaka da ɗan'uwansa

A farkon shekara ta 1940, kusa da garin Rockford na jihar Ilinoyi a Amurka, ma'aikatan gwamnati suka bi itatuwan da hankaki ke kwana a kai suka rataya musu nakiya a rassa. Aka jira dare ya yi, tsuntsaye suka taru suka natsu, sannan aka tashi nakiyar. Hankaki 328,000 aka ce sun mutu a wannan aiki, har mujallar Life ta buga hotunan a watan Maris na shekarar. A jihar Okalahoma kuwa, daga 1934 zuwa 1945 an tarwatsa makwantan hankaki 127 da bam, an hallaka wajen miliyan 3 da dubu 800. Laifinsu dai shi ne cin hatsin manoma da shan ƙwan agwagin ruwa waɗanda mafarauta ke so su tarar da yawa.

Amurkawa gado suka yi. Tun 1532 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya sa dokar da ta wajabta wa kowace unguwa ta tanadi ragar kama hankaki, wadda ta ƙi a ci ta tara. A 1566, zamanin ɗiyarsa Elizabet ta Ɗaya, aka ƙara da lada: duk wanda ya kawo kawunan manyan hankaki uku a ba shi kwabo guda.

Duk wannan lissafin kawuna ne. Ga mai biyan lada da mai ɗana nakiya, kowane hankaka daidai yake da kowane. Kuma ba za a ga laifinsu sosai ba, domin yawancin hankakan Turai da Amurka baƙaƙe ne wuluk, ba su da farin ƙirji irin namu, namiji da mace kama ɗaya, tsoho da matashi sai wanda ya ƙware ke rabewa. Wanda ya ga garke na dubu goma a kan itace ba shi da hanyar sanin wane ne mijin wace, wa ke tsoron wa, wa ya haifi wa. Abin da aka sani yau game da zaman hankaki ya fara ne daga ranar da aka samu dabarar bambance ɗaya da ɗan'uwansa, kuma aka samu mutane masu haƙurin bin tsuntsu guda shekara da shekaru.

Dabarar daga wajen wani malamin lakwal ta fito, abin da ke yi mini daɗin faɗa. Sunansa Hans Christian Mortensen, yana koyarwa a garin Viborg na ƙasar Danmak. A 1899 ya fara yanka alminiyom yana yin ƙananan zobba, ya buga wa kowane lamba da adireshi, ya saka a ƙafar tsuntsaye ya sake su. Shi abin da ya dame shi shi ne sanin inda tsuntsaye ke zuwa idan sun yi ƙaura. Amma da zarar tsuntsu ya samu lamba, ya zama wani takamaimai, ana iya rubuta tarihinsa. Duk malamin da ya taɓa shiga aji mai ɗalibai 80 a makon farko na shekara ya san wannan: hayaniya ce kawai da kawuna. Sai ka riƙe sunaye sannan za ka gane cewa ajin nan yana da sarakunansa da ƴan koransu, da waɗanda ba su ga maciji da juna.

Wanda ya fara amfani da zobe don karanta zaman hankaki shi ne Konrad Lorenz, ɗan ƙasar Ostiriya, haifaffen 1903. Yana ɗalibin likitanci ne a 1926 ya shiga wani kantin sayar da dabbobi a birnin Biyana ya sayi ɗan tsakon wani ƙaramin hankaka a kan shilin huɗu. Irin wanda Faransawa ke kira choucas ne, bai kai namu girma ba, yana da furfura a ƙeya, yana sheƙa a ramukan bango da bututun hayaƙi. Ya sa masa suna Tschock, wato kwaikwayon kukansa. Da tsuntsun ya girma Lorenz ya sake shi, shi kuwa ya ƙi tafiya, yana bin sa duk inda ya nufa a gidan mahaifinsa da ke ƙauyen Altenberg, bakin kogin Danub. Lorenz ya riƙa rubuta abin da yake gani kullum, aka buga rubutun a wata mujallar masana tsuntsaye ta Jamus a 1927. A wannan shekarar ya ƙaro ƴan tsaki 14, ya reno su a rufin gidan, ya saka wa kowane zobba masu launi. Sunayensu ma daga launin zobban ya ciro su.

Da idonsa ya saba da su ɗaya bayan ɗaya, sai garken ya zama gari. Ya ga suna da jerin girma, kowa ya san wanda ke sama da shi da wanda ke ƙasa, kuma ba kullum ake sake faɗa a kai ba. Ya ga manya ba su cika kula ƙananan da ke can ƙasa ba, rikicinsu da na kusa da su a matsayi ne. Ya ga namiji da mace suna haɗuwa tun shekara guda kafin su fara ƙwai, su zauna tare har mutuwa, namijin yana ciyar da macen a baki. Wani namiji da ya rena da hannu ma shi Lorenz ɗin ya ɗauka a matsayin mata, yana tauna tsutsa yana neman cusa masa a baki, idan ya rufe baki sai ya nufi kunne.

Labarin da ya fi yawo shi ne na wata ƴar ƙaramar mace wadda ke kusa da ƙarshen jeri, kowa na korar ta daga wurin abinci. Sai wani namiji da ya daɗe da ɓacewa ya dawo, ya kayar da shugaban garken ya hau matsayinsa, kuma ita ya zaɓa. Cikin kwana biyu kowa ya san ta zama matar shugaba, ba mai iya tsaya mata, ita kuma ta shiga ramuwa a kan waɗanda suka wulaƙanta ta. Mai karatu ya ce bai taɓa ganin irin haka a unguwarsu ba.

Akwai abu biyu da Lorenz ya lura da su waɗanda sai bayan shekaru kusan 80 aka gwada su yadda ya kamata. Wata rana ya dawo daga wanka a kogi, ya ciro baƙin wandon wankansa daga aljihu. Nan take tsuntsayen da suka san shi tun suna tsaki suka yi masa taron dangi da kururuwa, har da sara a hannu. Baƙin abu mai lilo a hannun wani, a wurinsu, ɗan'uwa ne aka kama. Ya kuma fahimci cewa wanda aka gani da irin wannan sau biyu ko uku ya zama abokin gaba, kuma ƙanana daga bakin manya suke koyon wa za su ji tsoro. Saboda haka duk ranar da zai hau rufi ya kama ƴan tsaki ya saka musu zobe, sai ya sa kayan wasan da aka ɗinka da siffar shaiɗan, da ƙaho da wutsiya, don kada su gane shi. Ya ba da labarin yadda wata rana ya leƙo ƙasa ya tarar da mutanen ƙauye sun cika titi baki buɗe suna kallon shaiɗan a kan rufi da rana tsaka. Duk wannan yana cikin littafinsa na 1949, wanda a fassarar Ingilishi aka sa wa suna Zoben Sarki Sulaimanu, saboda labarin jin maganar tsuntsaye.

A 1973 aka ba Lorenz kyautar Nobel tare da Niko Tinbergen da Karl von Frisch. Sai dai tarihinsa yana da wani shafi. A 1938 ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitila, kuma a 1940 ya buga rubutu yana kwatanta mutanen birni da dabbobin gida da suka lalace, yana goyon bayan a tace al'umma a fitar da waɗanda ya ɗauka gurɓatattu. Ya yi aikin likita a rundunar Jamus, Rashawa suka kama shi a 1944, bai dawo gida ba sai 1948. Daga baya ya ce ya yi nadama, amma a 2015 jami'ar Salzburg ta janye digirin girmamawa da ta ba shi. Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne mutumin da ya iya duban baƙaƙen tsuntsaye 14 ya ga kowane da halinsa, shi ne kuma ya dubi ƴan Adam ya gan su garke-garke, wasu na ajiyewa wasu na zubarwa. Tun daga nan masana suka ƙara taka-tsantsan da ɗauko hukuncin mutane daga halin dabbobi. Aikinsa na tsuntsaye ma an yi masa suka: hankakansa renon hannu ne, ba su da yawa, kuma labari yake bayarwa fiye da gwaji.

Bin hankakan daji kuwa wani aiki ne dabam. Tsuntsun da aka yi ƙarnuka ana harbi ba ya bari a matso shi, tarkon da ya kama ɗaya ba ya sake kama na biyu, sheƙarsa kuma tana can ƙololuwar itace. Abin da ya sauƙaƙa lamarin a Amurka doka ce. A 1972 aka gyara yarjejeniyar kare tsuntsaye tsakanin Amurka da Meziko aka shigar da dangin hankaka, kisan kan mai uwa da wabi ya zama laifi, sai farauta a lokacin da aka ƙayyade. A shekarun da suka biyo baya hankaki suka yi ta shigowa birane, inda ba a harbi, ga shara, ga ɗumi, ga fitilun da ke nuna musu mujiya da dare.

Amma babban binciken farko a daji aka yi shi. Bernd Heinrich haifaffen Jamus ne a 1940, ya girma a jihar Maine ta arewa maso gabashin Amurka, ya yi suna a binciken ƙudan zuma, kuma ɗan tseren dogon zango ne: a 1981 ya yi gudun kilomita 100 cikin awa 6 da minti 38. A watan Oktoba na 1984, kusa da bukkarsa ta katako a dajin Maine, ya tarar da manyan hankaki, waɗanda Faransawa ke kira grand corbeau, sun taru a kan ragowar wata ƙatuwar dabba dangin barewa da aka harbe, suna ta ƙwala kira kamar masu gayyata. Abin bai shiga kansa ba. A ƙasar da ƙanƙara ke rufe komai wata huɗu ko biyar, mushe guda zai iya riƙe tsuntsu ɗaya har ƙarshen sanyi. Me zai sa wanda ya tsinci dami a kala ya yi shela?

Amsar ta ci masa hunturu huɗu. Ya riƙa bin manoma yana karɓar matattun shanu da maruƙa da awaki, yana jan su cikin ƙanƙara zuwa tsakiyar daji, ya ɓuya a ƴar bukkar rassa tun kafin asuba cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Yakan hau dogayen itatuwa da duhu don ya ga ta inda tsuntsayen ke fitowa. Ya gwada zato iri-iri ya watsar. Abin bai warware ba sai da ya fara kama su yana maƙala musu alama mai launi da lamba a fiffike. A nan ya ga ashe hankakan kashi biyu ne. Akwai ma'aurata masu yanki, waɗanda idan suka ga mushe a yankinsu sai su yi gum, su ci abinsu, su kori duk wanda ya matso. Akwai kuma matasa marasa aure marasa yanki, masu yawo daga daji zuwa daji. Matashi ɗaya ba ya iya tunkarar ma'aurata biyu. Idan suka kai kusan goma kuwa, masu yankin sai su haƙura. Masu kiran nan duk matasa ne, kuma kiran neman taro ne don a ci ƙarfin masu gida. Ya fitar da littafi a kan haka a 1989.

Wani matashin masani, John Marzluff, da matarsa Colleen suka zo suka yi hunturu uku tare da shi daga 1988, suka gina ƙaton keji a gefen dutse. Gwajin da ya fi burge ni a aikinsu mai sauƙi ne. Sukan tsare hankaka a keji har ya rasa labarin abin da ke faruwa a daji, sannan su sake shi da yamma kusa da makwancin matasa. Da safe sai a gan shi ya bi sauran kai tsaye zuwa mushen da bai taɓa gani ba. Idan kuma aka nuna wa tsuntsu sabon mushe sannan aka bar shi ya shiga makwancin, sai a ga ya zo da jama'a. Makwancin dare ashe dandali ne, nan ake jin inda abinci yake. Gwajin jini kuma ya nuna matasan nan galibi ba dangin juna ba ne. Baƙi ne da yunwa ta haɗa, gobe kowa ya kama gabansa.

Wanda ya ga zumunci na jini shi ne Kevin McGowan na jami'ar Cornell, a garin Ithaca na jihar Niyok. Daga ƙarshen shekarun 1980 ya fara hawa itatuwa masu tsawon mita 20 zuwa 30 yana sauko da ƴan tsakin hankakan Amurka, ya auna su, ya ɗebi jini, ya saka zobba da alamar haruffa biyu a fiffike, ya mayar. Daga baya Anne Clark ta jami'ar Binghamton ta shiga aikin, suka yi wa fiye da 2000 alama. Suka tarar da gidan hankaka gandu ne. Ɗa ba ya barin iyayensa da ya iya tashi. Yakan zauna shekara biyu, uku, wani har biyar ko fiye, yana taya gadi, yana kai wa uwar abinci a kan ƙwai, yana ciyar da ƙannensa. Gida ɗaya yakan kai tsuntsu 15. Wani ya tafi ya yi watanni ya dawo, wani ya koma gidan ɗan'uwansa da ke maƙwabtaka ya taya shi reno. Su kuma hankakan Ithaca suka san McGowan sarai a matsayin ɓarawon ƴaƴa, duk inda ya bi sai ihu, alhali mutanen da ke kusa da shi ba a kula su. Da abin ya ishe shi sai ya fara yawo da gujiya yana watsa musu. Daga nan ya samu kashi biyu: masu zaginsa da masu bin motarsa.

A nan dole Bahaushe ya tuna da karin maganarsa, hankaka mai da ɗan wani naka. Mutanen da sun ɗauka hankaka ba ya haihuwa, ƴaƴan wasu yake sacewa ya rena su zama nasa. Hankaka yana ƙwai kamar kowane tsuntsu. Amma akwai wata tsuntsuwa mai tukku da doguwar wutsiya, Faransawa na ce mata coucou geai, wadda ba ta yin sheƙa, sai ta faki ido ta saka ƙwanta a ta wani. A Afirka hankakanmu mai farin ƙirji yana cikin waɗanda ta fi yi wa haka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya ciyar. Wanda ya ga hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, idonsa bai yi ƙarya ba, wanda aka yi wa wayo ne ya ɗauka ɓarawo.

A arewacin Sipaniya, kusa da birnin Leon, Vittorio Baglione da Daniela Canestrari sun daɗe suna bin wannan lamari a kan baƙin hankakan Turai. Sun kwashe shekara 16 suna tattara bayanan sheƙuna, suka buga sakamakon a 2014. Ɗan baƙuwar nan ba ya tura ƴan gida ƙasa, amma yana rage musu abinci. Sai dai idan kyanwa ko shaho ya matso, yakan fitar da wani baƙin ruwa mai ɗoyi wanda ke korar maharin. A shekarun da mahara suka yi yawa, sheƙar da ke da baƙo ta fi tsira da ƴaƴa. Wasu masana da suka gwada a kudancin ƙasar ba su samu haka ba, wato abin ya danganta da wuri. Su dai waɗannan biyu sun yi wani gwajin tun 2002. Hankakan Leon zaman gandu suke yi, alhali irinsu a Suwis mata da miji ne kawai, ƴaƴa na watsewa da wuri. Aka ɗauko ƙwai daga Suwis aka saka a sheƙunan Leon. Mafi yawan waɗanda suka tashi a can suka zauna a gidan da aka rene su kamar ƴan gari, har wasu suka taya reno. Halin zaman ya bi wurin tashi, bai bi ƙwan ba.

Amfanin sanin kowa da sunansa ya fito fili da annoba ta zo. A damina ta 1999 hankaki suka fara faɗowa matattu a birnin Niyok, a daidai lokacin da wasu tsofaffi ke kwance asibiti da kumburin ƙwaƙwalwa. Hukumomin lafiya suka ce wata cuta ce da aka riga aka sani a ƙasar. Wata likitar dabbobi ta gidan namun daji na Bronx, Tracey McNamara, ta ƙi yarda, domin waccan cutar ba ta kashe tsuntsaye haka. Ta nace har aka sake gwaji, aka gano zazzaɓin Yammacin Nilu ne, wanda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, sauro ke yaɗa shi, kuma bai taɓa shiga nahiyar Amurka ba sai lokacin. Hankakan Amurka kusan duk wanda ya kamu mutuwa yake yi cikin mako guda. A garin Stillwater na Okalahoma, jihar nan ta nakiya, Carolee Caffrey ta rasa fiye da kashi biyu bisa uku na hankakan da take bi cikin shekara ɗaya. Ithaca ma ta sha kashi a 2002 da 2003. A 1940 adadi kawai aka iya bayarwa. Wannan karon akwai masu riƙe da littafi da za su ce gidan kaza uwa ce ta mutu, gidan kaza mataimaka ne suka ƙare, wannan da aka tsinta a bakin hanya an saka masa zobe shekara kaza a itace kaza. Hukumomin lafiya kuma suka koma roƙon jama'a su kawo rahoton mataccen hankaka, domin shi ne alamar farko cewa cutar ta shigo unguwa.

A Ostiriya, a cibiyar bincike ta Grünau da Lorenz ya kafa, Thomas Bugnyar da abokan aikinsa sun ci gaba da manyan hankaki. Sun nuna cewa hankaka yana gane muryar tsohon abokinsa bayan rabuwar shekara uku, yana matsowa ya lallashi abokin da aka doka a faɗa, kuma manyan ma'aurata sukan shiga tsakanin wasu biyu da suka fara shiri don su ɓata ƙawancen tun bai yi ƙarfi ba. Siyasa ke nan, ba ta da wani suna.

Saura batun fuska. Marzluff ya koma jami'ar Washinton a birnin Siyatil, inda ya lura da abin da Lorenz da McGowan suka riga suka sha: wanda ya taɓa kama hankaka ba ya sake samun sukuni. Tambayar ita ce me tsuntsun ke ganewa, fuska ce, ko tafiya, ko tufa? A watan Fabrairu na 2006 shi da ɗalibansa suka sa fuskar roba mai siffar mutumin kogo na zamanin da, suka kama hankaki bakwai a harabar jami'ar, suka saka musu zobe suka sake su. Suka tanadi wata fuskar, ta Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, wadda ba a taɓa yi wa hankaka komai da ita ba. Daga nan aka riƙa ba mutane dabam-dabam fuskokin, dogo da gajere, mace da namiji, su zagaya harabar. Mai fuskar Cheney ya wuce kusan lafiya lau. Mai fuskar kogo kuwa sai kururuwa da kawo sura, ko da ya sa hula. Da aka juya fuskar kai ƙasa, wasu hankakan sai su karkata kai su duba, su ci gaba da zagi.

Bakwai aka kama, amma bayan fiye da shekara biyu Marzluff ya sa fuskar ya yi zagaye, cikin hankaki 53 da ya haɗu da su 47 suka yi masa ihu. An maimaita gwajin a wasu unguwannin birnin da fuskokin da aka zuba daga na mutanen gaske, aka samu abu ɗaya. Waɗanda ba a taɓa kamawa ba sun koya daga shiga taron dangi, ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe daga baya kuma sun koya daga iyaye, har suna zagin fuskar ko iyayen ba sa nan. Cikin shekara biyar labarin ya bazu fiye da kilomita ɗaya daga inda aka yi kamun. A wani gwajin da aka buga sakamakonsa a 2012 suka kama wasu 12 da wata fuska, suka ciyar da su mako huɗu da wata fuskar dabam, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura bayan an nuna musu kowace. Fuskar mai kamu ta tada sassan tsoro, ta mai ciyarwa ta tada wasu sassan dabam. Bayan an gama aka mayar da su inda aka kamo su.

Ɗalibarsa Kaeli Swift ta ɗauki batun gawa. An daɗe da sanin cewa hankaki na taruwa da kururuwa a kan ɗan'uwansu da ya mutu, kuma mu nan ba baƙon zance ba ne hankaka da gawa, tunda aya ta 31 ta Suratul Ma'ida ta ba da labarin hankakan da aka aiko ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa. Swift ba ta ce ta san abin da ke zuciyar tsuntsu ba, abin da za a iya aunawa ta auna. Ta saba wa hankaki da cin abinci a wani wuri, sannan wani mai fuskar roba ya zo ya tsaya riƙe da mataccen hankaka. Aka taru aka yi ta ihu, kwanakin da suka biyo baya suka riƙa jinkirin sauka wurin abincin, kuma har mako shida suna zagin wannan fuska ko ta zo hannu sake. Da mataccen tantabara aka riƙe, abin bai kai haka ba. Tantabaru kuwa da aka nuna musu gawar ɗan'uwansu, cin abincinsu suka ci gaba da yi. Sakamakon ya fito a 2015: ko me taron ya ƙunsa, a cikinsa ana koyon wuri mai haɗari da mutum mai haɗari. Baƙin wandon Lorenz ke nan aka auna da agogo da alƙalami.

Marzluff bai ajiye fuskar kogon ba. Kowace shekara yakan sa ta ya bi hanyar nan ta cikin jami'a yana ƙirgawa, ba tare da an sake kama ko ɗaya da ita ba. Zagin ya yi ta ƙaruwa har wajen 2013, lokacin da da wuya a ce akwai da yawa cikin bakwai ɗin farko da suka rage da rai, sannan ya fara raguwa sannu a hankali. A watan Satumba na 2023, shekara 17 bayan kamun, ya sa fuskar ya yi zagayensa, ya haɗu da hankaki 16, ba ko ɗaya da ya ce masa uffan.